Yadda ake yi wa furosesa katanga kafin a shafa masa ruwan ƙarfe

A hunturun da ya wuce wani matashi mai haɗa bidiyon biki ya kawo mini laftof ɗinsa shago, nan kusa da Taminus a Jos. Ya ce tun da ya canza mata man sanyaya, wato man da ake shafa wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, don zafi ya fita, ta ƙi kamawa. Da na buɗe na ɗaga hitsink, wato ƙarfen da ke zaune a kan furosesa yana janye masa zafi, sai ga wani ɗigo mai ƙyalli kamar azurfa, bai kai tsabar gero ba, ya zauna tsakanin kafasito biyu, 'yan ƙananan kayan wutar da ke jere a gefen furosesa. Ruwan ƙarfe ya shafa, wanda masu gyara ke ce wa likwid metal, bai rufe komai ba kafin ya shafa, sannan ya kunna. Bod ɗin, wato babban allon da duk kayan wutar ke kai, bai dawo ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin da ya san aikin minti arba'in da ake yi kafin a buɗe sirinjin ruwan ƙarfen, da har yau yana cin abinci da na'urarsa. Wannan aikin ne zan bi da kai daki-daki.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Ruwan ƙarfe gauraye ne na ƙarafa uku: galiyam, indiyam da kuza, kuzar nan dai da aka san Filato da haƙarta. Galiyam zallarsa yana narkewa a kusan digiri 30, zafin tafin hannu ma ya ishe shi, idan kuma aka gauraya shi da sauran biyun sai ya zama ruwa ko a cikin ɗaki mai sanyi. Kamfanin Thermal Grizzly ya rubuta wa nasa, Conductonaut, ƙarfin ɗaukar zafi 73 a ma'aunin da man sanyaya na yau da kullum ke tsayawa wajen 5 zuwa 12. Shi ya sa Sony ta sa shi a PlayStation 5 a 2020, Asus ma take sa shi a laftof ɗinta na ROG. Amma duk wanda ya taɓa buɗe ɗaya daga cikin waɗannan ya ga abin da kamfanonin suka yi: sun kewaye furosesan da shinge na soso don kada ko ɗigo ya fita. Dalili biyu ne. Na farko, ƙarfe ne, wuta na bin sa kamar waya, duk ƙafafu biyun da ya haɗa ya haɗa ke nan. Na biyu, galiyam yana cin alminiyam, ya shige cikinsa ya mayar da shi abin da za ka marmashe da yatsa.

Mataki na 1: duba ko na'urar ta cancanta

Juya hitsink ka kalli fuskar da ke taɓa furosesa. Idan jan ƙarfe ce, ana iya aiki. Idan fara ce mai ƙyalli kuma da nauyi, mai yiwuwa jan ƙarfe ne aka lulluɓe da nikel, wanda ya fi kowanne dacewa. Idan toka-toka ce marar nauyi, alminiyam ne, ka mayar da sirinjin aljihu. In kana shakka, ka ɗan karce gefe can nesa da inda ke taɓa furosesa: ja zai leƙo idan jan ƙarfe ne a ƙasa. Akwai wani nau'in hitsink na kwamfutar tebur mai yaudara, wanda bututun jan ƙarfe ke kwance a fili amma tsakaninsu akwai siraran layukan alminiyam. Shi ma bai cancanta ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda na fi son a yi wa kai kafin a kashe kuɗi: zafin nan daga ina yake? A garin nan rabin na'urorin da ake kawo mini da kukan zafi ƙurar hunturu ce ta toshe musu iska, ta zama kamar bargo a bakin fanka. A share, a sa man sanyaya mai kyau, magana ta ƙare. Laftof ɗin ofis ko ta ɗalibi ba ta buƙatar ruwan ƙarfe ko kaɗan. Wanda ke son abu mai ɗorewa ba tare da fargaba ba, akwai PTM7950 na Honeywell, wani siririn faifai da ke yin laushi idan ya ji zafi, kuma wuta ba ta bin sa. Ruwan ƙarfe na mai na'ura ce mai ƙarfi wadda ke kai digiri 95 zuwa 100 tana rage gudu duk da an share ta. Kuma ka sani, in akwai sauran garanti, wannan aikin zai iya kashe shi. In na abokin ciniki ne, ka gaya masa haɗarin baki da baki kafin ka kwance sukuru ɗaya.

Mataki na 2: tara kaya

Sinadarin gogewa na aisofurofil, mai ƙarfin kashi 99 in ka samu. Audugar goge kunne da yawa, da tishu marar barin gashi. Tef ɗin Kapton, wannan mai ruwan zuma da masu gyaran waya ke rufe bod da shi idan za su hura zafi. Abin rufe kafasito: ko dai ruwan rufe bod na musamman, irin su TG Shield ko 422B na MG Chemicals, ko jan farce marar launi. Siririn soso mai laushi. Madubin ƙara girma ko kyamarar waya mai kyau, fitila mai haske, almakashi, hantsaki, tsinken sakace da safar hannu.

Game da jan farce: ka sayi fari tas kamar ruwa, wanda ba shi da ƙyalƙyali ko kaɗan, domin masu walƙiyar nan wasu da garin ƙarfe ake yin su. Ya yi wa mutane da yawa aiki shekara da shekaru, ni ma ina amfani da shi, amma ba don zafi aka yi shi ba, yana iya tsagewa in ya daɗe. In kana da halin sayen na musamman, shi ya fi, kuma yawancinsu suna haske a ƙarƙashin fitilar nan ta duba jabun kuɗi, sai ka ga duk inda ka tsallake. Baƙin tef na masu wayarin kuwa kada ya kusanci wurin: zafi na narkar da gam ɗinsa ya zame.

Cire zoben azurfarka ka ajiye nesa. Galiyam yana ɓata azurfa da zinariya.

Mataki na 3: auna zafi, kashe wuta, buɗe

Kafin ka taɓa komai, kunna HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi, ka sa Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ya yi minti goma, ka rubuta zafin kowane sashe na furosesa a takarda. Ba tare da wannan ba, ba za ka san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. Yin hakan kuma yana sa tsohon man ya yi laushi, hitsink ya fita ba gardama.

Kashe na'urar, zare caja, buɗe bayanta, abu na farko da za ka cire shi ne wayar batir daga bod. Danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita. A lokacin hunturu iskar Jos ta bushe ƙwarai, kowa ya san yadda rigar sanyi ke tartsatsi in an cire ta da dare. Wannan tartsatsin ya isa ya kashe ƙaramin abu a bod. Ka cire rigar ulu, ka ɗaura abin hannu na sauke wuta, in babu ka riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa. Ɗauki hoto kafin ka kwance, sannan ka sassauta sukurorin hitsink kaɗan-kaɗan bi da bi. Kada ka finciko shi, ɗan murza shi hagu da dama har ya saki.

Mataki na 4: gogewa

Goge tsohon man daga ƙwayar furosesa, wato ɗan murabba'in nan mai ƙyalli kamar madubi, da kuma fuskar hitsink, har auduga ta riƙa fitowa fara. Wurin da ake sakaci shi ne tsakanin ƙananan kafasito, inda tsohon man ke maƙalewa. Dole ya fita, domin abin rufewa ba ya kama wuri mai maiƙo. Jiƙa auduga ka riƙa dannawa a hankali, ko ka yi da buroshi mai laushi. Kada ka sa allura ko bakin sukundireba, waɗannan 'yan abubuwan ba su da wuyar ɓallewa. Bari ya bushe sarai, daga nan kuma kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Mataki na 5: rufe kafasito

Nan ne aikin yake, nan kuma za ka fi daɗewa. Haska fitila ka duba kewayen ƙwayar da madubi. A kan koren faifan da take zaune za ka ga ƙananan kafasito da resisto a jere, kowanne da kawuna biyu masu ƙyalli, wani lokacin kuma da 'yan ɗige-ɗige masu ruwan zinariya. Duk abin da ke ƙyalli, wanda ba ƙwayar ba, sai an rufe shi. A ƙwayar da ke sarrafa hoto, wato GPU ta katin hoto na wasa, abin ya fi yawa, sun kewaye ta ta ko'ina kuma sun matso kusa.

Yanko Kapton daidai girman ƙwayar ka manna a samanta na ɗan lokaci. Wannan zai hana abin rufewa hawa kanta. Ko ɗan siririn jan farce ya bushe a kan ƙwaya, hitsink ba zai zauna daidai ba, zafi ya fi na da. Sannan ka tsoma buroshi, ka share yawancin ruwan a bakin kwalba, ka bi layin kafasito a hankali. Inda wuri ya matse, ɗauki ɗigo da tsinken sakace ka ajiye, zai bi da kansa ya shiga tsakani. Abin da kake nema shi ne ruwan ya rufe saman kowanne, ya gangara gefensa, ya haɗe da faifan ƙasa ba tare da rata ba.

Shafi ɗaya mai kauri ba ya aiki. Samansa zai bushe, cikinsa na nan danye, ga kumfa. Yi siriri, ka ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin, ka ƙara na biyu, in ya kama ka ƙara na uku. In na musamman kake amfani da shi, bi lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. Da safiyar hunturu ya fi jinkirin bushewa, kada ka hura masa zafi don sauri, haƙuri za ka yi. Bayan kowane shafi ka karkata fitila ka duba kusurwoyin kafasito, domin a kaifin kusurwa ne ruwa ke janyewa ya bar ƙarfe tsirara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ramin da ido bai gani ba ya ishi ruwan ƙarfe. In kana da mitar gwada wuta, ka taɓa kawunan kafasito ɗaya a hankali bayan ya bushe; in allon mitar ya motsa, akwai inda bai rufu ba.

Ka kula da tsayi. Dole ƙwayar ta kasance ita ce mafi tudu a wurin. In rufin ya taru ya fi ta, shi hitsink zai hau. Da komai ya bushe, ɗaga Kapton ɗin da ke kan ƙwayar, ka sake goge ta da aisofurofil ba tare da ka jiƙa rufin ba.

Mataki na 6: tef da shinge

Wasu suna tsayawa a mataki na biyar. A kwamfutar tebur da ba ta motsi, na yarda. A laftof ban yarda ba, domin ita a jaka take kwana, a tsaye, a bayan Keke, kan hanyar Bukuru ko gangaren Farin Gada, tana shan girgiza. Abin da rufin kafasito ya kare shi ne kewayen ƙwaya kawai. Ɗigon da ya tsere zai iya gangarawa har cikin bod.

Yanko Kapton huɗu ka yi wa ƙwayar firam, kowanne ya matso har bakinta amma kada ya hau. Danne shi da auduga ya kwanta a kan kafasiton da ka riga ka rufe, ya miƙe har bakin faifan furosesa. A kusurwa kada ka ɗora fiye da biyu. Kapton shi kaɗai ba kariya ba ne, ruwan ƙarfe yana iya kutsawa ta ƙarƙashin bakin da ya ɗaga, shi ya sa yake zuwa bayan rufi.

Sai shingen soso. Yanka shi kamar firam ɗin hoto, ramin tsakiya ya fi ƙwayar faɗi da milimita ɗaya ko biyu ta kowane gefe, ka manna shi a kan Kapton. Ya ɗan fi ƙwayar tsayi kaɗan, yadda hitsink zai danne shi ya toshe hanya, amma ya zama mai laushin da ba zai hana hitsink sauka ba. Ga yadda za ka tabbatar, kuma kada ka tsallake wannan: sa ɗan man sanyaya na yau da kullum a kan ƙwayar, ɗaura hitsink ka ɗaure sukurori kamar ka gama, sannan ka kwance. In man ya baje siriri ya rufe ƙwayar duka, shingenka ya yi. In ya tsaya da kauri ko gefe ɗaya bai taɓu ba, soson ya yi yawa, nemi wanda ya fi siriri. Sau biyu ko uku nakan yi wannan gwajin a na'urar da ban saba da ita ba.

Gwajin yana da wani amfanin: ya bar maka sawun ƙwayar a fuskar hitsink. Kewaye sawun da Kapton kafin ka goge man. In akwai alminiyam kusa da faifan jan ƙarfen, kamar yadda ake samu a laftof da yawa, rufe shi da tef ko jan farce shi ma.

Mataki na 7: shafawa

Kada ka taɓa matsa sirinji a saman bod. Bakinsa yakan toshe, ka ƙara ƙarfi, ya fesa gaba ɗaya. Koma gefe guda, ka matso ɗigo a kan fuskar hitsink ko a kan audugar da ta zo cikin kwalin. Ɗigon kamar kan allura mai ƙulli, ƙasa da tsabar gero, ya ishi ƙwayar laftof. In ɗakin ya yi sanyi sosai, ɗumama sirinjin a tafin hannu tukuna. Kamfanin Conductonaut ma daga digiri 10 ya ce a yi amfani da shi.

Da farko zai ƙi kamawa, ya dunƙule yana gudu a gaban auduga. Ci gaba da murza shi a hankali kana ɗan dannawa, daga tsakiya zuwa baki, zai fara kama wurin kamar fenti. Ka bi har kusurwoyi huɗu. In ka gama, fuskar ta zama kamar madubi mai ɗan danshi. Karkata bod ɗin kaɗan: in ka ga wani abu na motsi ko ya taru gefe, ya yi yawa, zuƙe shi da sirinji. Haka za ka yi wa sawun da ke kan hitsink, siriri ƙwarai, domin ruwan ƙarfe da ɗan'uwansa yake haɗewa da kyau. Kusan duk ɓarnar da na gani a wannan aikin daga yawan zubawa ta fito.

In ɗigo ya faɗa inda bai kamata ba, kada ka share shi da tishu, kada ka hura masa iska, zai farfashe ya zama ƙanana goma. Zuƙe shi da sirinji, sauran ka ɗauke da auduga mai aisofurofil, kowace ɗauka da sabuwar auduga. Batir ba zai koma ba sai ka bi wurin da madubi ka gamsu.

Mataki na 8: ɗaurewa da gwaji

Sauke hitsink kai tsaye daga sama, sau ɗaya, ba ja ba turawa. Riƙe shi da hannu ɗaya, ka bi lambobin da aka buga kusa da sukurori, rabin juyi rabin juyi, har su ɗauru duka. In babu lamba, bi su a gicciye. Ni nakan sake ɗagawa sau ɗaya in duba ko wani abu ya matso ya taɓa shinge. In ya taɓa, na rage, na gyara shafin, na mayar. Ka tabbata faifan sanyaya na sauran sassa sun koma mazauninsu, ka haɗa wayar fanka, batir a ƙarshe.

Maimaita gwajin farko ka kwatanta da takardarka. Kada ka kalli babban adadi kawai, duba bambancin sassan. In ɗaya ya fi sauran da digiri goma sha biyar ko fiye, akwai kusurwar da ba ta samu ba ko hitsink ya karkace, sai an sake buɗewa.

In furosesan tebur ne

Shafa ruwan ƙarfe a saman murfin furosesa ribarsa kaɗan ce, ga shi yana ɓata rubutun da ke jiki. Inda yake aiki shi ne ƙarƙashin murfin, musamman a Intel na tsakanin 2012 da 2017, daga jerin da ake kira Ivy Bridge zuwa irin su 8700K, waɗanda aka sa musu man sanyaya a ciki maimakon a like su da dalma. A irin waɗannan, masu cire murfi sukan ga ragin digiri 10 zuwa 20. Yi amfani da na'urar cire murfi irin Delid Die Mate, ka bar reza. Kankare tsohon baƙin gam da farce ko katin roba. A jerin Haswell na Intel, irin su 4770K da 4790K, akwai layin ƙananan abubuwa dab da ƙwayar, a 7700K da 8700K kuma 'yan ɗige-ɗigen zinariya ne. Duka a rufe su kamar yadda aka yi a mataki na biyar. Ƙasan furosesa, inda yake taɓa soket, wato mazauninsa a bod, ko ɗigon jan farce kada ya je. Wajen mayar da murfi, ɗan gam na silikon mai jure zafi a kusurwoyi ya isa, a bar ƙaramar kafa. Yawancin Ryzen da sababbin Intel masu ƙarfi a like suke da ƙarfe tun daga kamfani, cire musu murfi aikin ƙwararru ne, kuma garin gyaran gira ana iya rasa ido.

Bayan wata biyu ko uku

In fuskar hitsink jan ƙarfe ce tsirara, galiyam zai riƙa shiga cikinta sannu a hankali, wurin ya yi tabo mai launin toka, shafin ya bushe, zafi ya fara dawowa. Wannan ba lalacewa ba ce. Buɗe, goge abin da ya bushe har wurin ya yi santsi, tabon kuwa bar shi, domin shafi na biyu a kansa ya fi daɗewa. A kan nikel abin ba ya sauri haka. Duk lokacin da ka buɗe, sake duba rufin kafasito da madubi ko ya tsage, ka canza soson in ya mutu.

Sannan ka manna 'yar takarda a cikin murfin baya, ka rubuta cewa akwai ruwan ƙarfe a ciki, da ranar da aka sa. Wata rana na'urar za ta je hannun wani mai gyara a Dilimi ko Banex na Abuja, ya ɗaga hitsink a karkace yana zaton man yau da kullum ne, takardar nan ce za ta sa ya dakata ya kwantar da bod ɗin kafin ya ɗaga.